Na Kwamfuta Ko Na Aljihu

Zalihatu ba ta taɓa kiran ɗanta na fari da sunansa ba. Muhammad Awwal aka raɗa masa, duk gidan hayar da suke zaune a Williamsville Awwal ake ce masa, ita kuwa "kai" take cewa, in kuma maganarsa ta kama a gaban mutane sai ta ce "yaron nan". Ko mijinta Mati, Baban Laila take kiransa, da sunan 'yarsu ta biyu, ta tsallake na farin kamar ba ita ta haife shi ba. A Abidjan aka haife ta, ta yi makarantar Faransanci har ta ƙware a buga takardu, tana iya yi wa ɗan sanda gardama da Faransancin da ya fi nasa tsafta, amma kunyar ɗan fari ta biyo ta har cikin ɗaki. Haka ta ga uwarta ta yi, haka dangin mijinta suke so. Ita ma, a faɗi gaskiya, tana jin daɗi in tsofaffi suka ce, "Yarinyar nan akwai kunya, sai ka ce ba 'yar Abidjan ba."

Wuri ɗaya ne kunyar take ɗaga mata ƙafa, gaban kwamfuta. Tsohuwar kwamfuta ce mai ƙatuwar ƙeya, da ita take buga wa ɗalibai da masu neman aiki takardunsu. Wani ɗalibi ne ya zuba mata wasan tseren motoci a ciki, wai don yara. Wasan na mutum biyu ne, gilashin ya rabu sama da ƙasa, maɓallan ma a raba su, Awwal ya ɗauki na dama masu kibiya, ita ta ɗauki haruffan hagu. Da farko don ya daina damunta ta zauna. Daga baya ita ce in an yi la'asar take ture aikin mutane gefe, ta jawo masa kujera da ƙafa.

To, mai tsere ba ya kallon na kusa da shi, hanya yake kallo. Don haka babu idon da zai haɗu da wani, babu kunyar da za a ji. Kafaɗarsa tana gugar tata, gwiwar hannunsa tana bugunta in ya zo kwana, yana ihu da Faransanci, "Maman, birki! Birki mana!" Ita kuwa motarta ta riga ta rungumi bishiya, tana dariya har da hawaye. Yatsun da ke gama shafi guda kafin shayi ya huce, a wasan nan sai su koma kamar na aro. A nan ta san yadda ɗanta yake cije leɓe in abu ya yi masa wuya, a nan yake ba ta labarin makaranta, yana yi yana tuƙi. Duk abin da ta sani na yaron nan, kusan a kujerun nan biyu ta san shi.

A nan kuma ta yi masa alkawari, idonta a kan gilashi, cewa in ya ci jarrabawar fita firamare za ta saya masa sabon fitowar wasan, wanda yaran unguwa ke ta ba da labarinsa, mai hanyar duwatsu da ta ƙanƙara. Ya kuwa ci. Makon da sakamako ya fito, makon kakarsa ta sauka.

Hajiya Tabawa, uwar Mati, daga Madawa ta taso, can Nijar. Tun da ƙasar nan ta rabu biyu, 'yan tawaye a arewa, gwamnati a kudu, sai mota ta zagayo ta Ghana, don haka tsohuwa ta iso ƙafafu a kumbure, rai a kusa. Aka turo mata jikanta ya gaishe ta. Awwal ya shigo da gajeren wando, ya tsaya ƙiƙam, hannu ɗaya a aljihu, ya ce, "Bonjour, Mémé."

"Mi ya ce?" in ji tsohuwa.

"Gaishe ki yake yi, Inna," in ji Mati.

"Daga tsaye? Haba angona, ko ina wuni ba ka iya ba?"

Yaro ya dubi ubansa, ya dubi ƙasa, ya ce, "Na iya kaɗan-kaɗan." Aka yi dariya, har da ita tsohuwar. Amma Zalihatu, da ke durƙushe tana zuba ruwa, ta ga dariyar ba ta kai ido ba.

Hajiya Tabawa ta yi kwanaki tana kallo. Ta ga yadda yake cin acheke, dambun rogon garin nan, da cokali, yadda yake faɗa da ƙanwarsa da Faransanci, yadda in ta aike shi sai an fassara masa rabin aiken. Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi gori ba. Ranar wata Juma'a da yara suka fita, ta ce Mati da matarsa su zauna.

"In na tashi komawa, da yaron ga za ni tahi," ta ce. "Na hwari namu ne, kowa ya sani. Na bar muku shi duk shekarun ga, ga abin da kunka maishe shi, ba Hausa, ba karatu, sai nasaranci. Kuma garin ga naku, kullum a tare hanya a dubi sunan mutum a sauke shi daga mota. Gobe in ya yi gemu shi ma sauke shi za a yi. Can akwai lakwal irin tasu ta boko, akwai malam, ga baffanninshi."

Ba da mugunta tsohuwar ta zo ba, shi ya sa maganar ta fi ciwo. Ko watan jiya an sauke Mati daga gbaka, ƙaramar bas ta haya, a wani shinge, aka zaunar da shi a rana saboda sunansa da hularsa, ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna."

Sai ta juyo wajen Zalihatu. "Ke hwa, ɗiyata, mi kinka ce?"

Wannan ba tambaya ba ce, kowa a ɗakin ya sani. Amsarta guda ɗaya ce, tun kafin a haifi Zalihatu aka tanade ta. Macen da ta buɗe baki gaban surukarta ta ce tana son ɗan farinta, ta zubar da mutuncinta da na gidan da ta fito, kuma labarin zai riga tsohuwa isa Madawa. Zalihatu ta ji bakinta yana cewa, "Ai naku ne, Inna."

"Allah shi yi miki albarka. Kada a gaya mishi sai ranar tahiya da sahe. Yaran yanzu sai su ɓuya."

Washegari Mati yana haɗa buhun takalman gwanjon da yake sayarwa a Adjamé, ta tsaya a kansa.

"Baban Laila, da gaske za ka bari?"

"Da bakinki kika ce naku ne."

"To me kake so in ce a gabanta?"

"Ni ma me kike so in ce? Uwata ce fa." Ya ja bakin buhun ya ɗaure. "Ni tun ban kai shi ba aka kai ni wurin kawuna a Ƙonni. Ga ni, ban mutu ba."

"Ai ba mutuwa nake magana ba."

Ya saɓa buhunsa ya fita, kofin da ta haɗa masa yana nan a ajiye bai taɓa ba. Ta so ta ji haushinsa, ta kasa, don ta ga idonsa kafin ya juya.

Daga nan shiri ya kankama a ɓoye. Aka kai yaro aka ɗauke shi hoto, aka yi masa allura, tela ya gwada shi kaftani har kala uku, duk aka ce na shiga sabuwar makaranta ne. Bai yi tambaya ba, kuma duk ranar da bai yi ba sai Zalihatu ta gode wa Allah. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, tun saukar tsohuwa ba su zauna gaban kwamfuta ba ko sau ɗaya. A ɗakin Hajiya Tabawa take yini da carbinta, ina za ta jawo wa ɗan fari kujera su haɗa kafaɗa a gaban suruka? In an yi la'asar sai yaron ya zo ya tsaya bakin ƙofa, ya dubi kwamfutar, ya dubi kakarsa, ya koma. Tambayarsa ɗaya ce kullum: "Maman, yaushe za mu Black?" Yana nufin Black Market, inda ake sayar da wasan.

Motar Nijar ranar Litinin za ta tashi. Ran Asabar da safe Zalihatu ta ce za ta kai wa wani aikinsa, ta hau bas ta ratsa Plateau, ta haye gada zuwa Treichville wurin uwarta. Tun a hanya take shirya maganar. In Iya ta yafa mayafi ta zo ta gaida Hajiya Tabawa, tsohuwa da tsohuwa, ta ce a bar yaro ya ƙara ko shekara biyu, wa ya sani, wataƙila a ji nauyinta.

Ta tarar da Iya Hafsatu a inda take kullum, ƙofar gidansu kusa da babbar kasuwa, tana dama dege, furar garin nan ta gero da nono, tana ƙulla wa masu saye a leda. Ta jira layi ya ragu, ta zauna a benci ta faɗi abin da ya kawo ta. Tana cikin faɗa muryarta ta karye.

"Share fuskarki, a titi muke," in ji Iya. Ta rufe ƙwaryar nono. "Ni in je in ce wa uwar miji me? In ce 'yata ba ta da kunya, ni ma da na haife ta ba ni da ita?"

"Iya, yaro ne ƙarami. Ko Hausar bai iya ba."

"Ai shi ya sa za a kai shi."

"Ba ya cin tuwo sai an matsa masa. In zazzaɓi ya kama shi ba ya faɗa, sai dai ki ga ya yi shiru."

Iya ta dube ta da kyau. "Duk yaushe kika san wannan? Ashe kallonsa kike yi."

Zalihatu ta ja bakin mayafi ta goge ido.

"Kin san yayanki Sadi," in ji Iya, ta rage murya. "Ranar da za a tafi da shi Dogon Dutsi, daga tashar jirgin ƙasan nan suka tashi, ga ta can, ko kukan jirgin ana ji daga tsakar gida. Ban raka ba, uwa ba ta rakiya. Na ɗauki turmi na zuba gero. Na daka, na daka, har maƙwabciyarmu ta zo ta riƙe taɓaryar ta ce, Hafsatu, ya zama gari tun ɗazu. Kowa ya yaba min, aka ce ko gezau ban yi ba."

"Kuma da ya dawo?"

"Ya dawo da gemunsa, ya durƙusa ya gaishe ni da ladabi. Yana aiko min da atamfa duk sallah." Ta buɗe ƙwaryar ta ci gaba da damu. "Mutumin kirki ne. Sun rene shi da kyau."

Zalihatu ta san Sadi. Sau uku ta taɓa ganinsa, Hajiya yake ce wa Iya, kamar yadda masu sayen dege suke ce mata. Ta zo neman mai taya ta, sai ga shi an nuna mata abin da ke jiranta.

"Ba abin da za a yi ke nan, Iya?"

"Haƙuri. Ki haɗa masa abin da zai riƙe a hanya, tafiyar da nisa. Shi ke nan abin da ya rage naki." Ta ƙulla dege leda biyu ta miƙa mata. "Ki kai wa yaran."

Bayan azahar ta cika alkawari, ta ɗauki yaron suka shiga woro-woro, tasin haɗaka, zuwa Adjamé. Black Market ran Asabar ba wurin mai ciwon kai ba ne. Rediyo goma na ihu lokaci guda, samari na jan hannun mutum suna cewa, "Tanti, waya? Tanti, agogo?" Ga masu gwanjo, ga masu gyaran talabijin sun baje hanjinta a ƙasa. Awwal ne ke gaba yana kutsawa, ya san hanya fiye da ita, har suka isa rumfar Sha'ibu, wani saurayi mutumin Tawa, can Nijar, da ya san Mati. Rumfar ba ta fi a shimfiɗa tabarma ɗaya ba, amma faya-fayai sun kai har rufi.

"A'a, mutanen Williamsville! Ɗan ƙane, an ce ka ci jarrabawa, ka fitar da mu kunya. Tanti, sannu da zuwa. Mi za a ba ku?"

Awwal ya faɗi sunan wasan tun kafin a rufe baki. Sha'ibu ya miƙa hannu sama ya zaro faifai a cikin leda, hoton jar mota na tashi sama a jikinsa. Ya kuma buɗe akwatin gilashi ya ɗauko wani ɗan inji shuɗi, bai fi tafin hannu biyu ba, ya ajiye su gefe da gefe.

"Iri biyu ne, ku zaɓa. Wannan na ordinater ne, kwamfuta ke nan. Gilashi babba, ƙara kamar kana cikin motar, hanyoyi duka suna ciki, mutum biyu su yi tare. Injinki ya tsufa, Tanti, zai yi tari kaɗan, amma zai ja. Sai dai in an ɗauke kuran, ba wuta, an ɗauke wasa." Ya taɓa shuɗin. "Wannan kuma na aljihu ne, France-au-revoir, ɗan Bature ya gaji da shi aka kawo mana. Ka soka ɗan kaset ɗin nan a bayanshi, ka sa pil biyu irin na tocila, shi ke nan. Hanyoyin ba su kai na wancan ba, motocin kamar tururuwa, kuma mutum ɗaya ne. Amma duk inda ka sa ƙafa yana tare da kai."

Awwal ko kallon shuɗin bai yi ba. Ya riga ya ɗauki faifan yana karanta bayansa, leɓensa na motsi.

Zalihatu ta kai hannu ta taɓa ɗan injin. Gefensa ya goge, alamar wani yaro can ya daɗe yana riƙe da shi. "Kai," ta ce, "wannan fa?"

"Na jarirai ne," ya ce da Faransanci, bai ɗago ba. "Kuma mutum ɗaya."

"Amma ka ji an ce ana zuwa da shi ko'ina."

Sai ya ɗago. "Ina za ni?"

Ya kafe ta da ido, kuma nan babu gilashin da za su kalla tare. Ta kawar da kai ta dubi 'yar fankar da ke juyi a saman rumfar. "Ina nufin... in ka je wurin Iya a Treichville. Ko in an ɗauke wuta."

"In an ɗauke wuta sai mu jira a kawo. Kullum ai haka muke yi."

Sha'ibu, da yake ɗan kasuwa ne kuma na aljihun ya fi tsoka, ya kunna shi ya miƙa wa yaron. Wata 'yar waƙa siririya ta tashi, motoci ƙanana suka jeru. "Gwada ka gani, ɗan ƙane. Yaran masu kuɗin Cocody duk shi suke riƙewa." Awwal ya sa hannayensa a baya.

Zalihatu ta tsaya tana duban kayan nan biyu a kan tebur. In ta ɗauki faifan, yaron zai koma gida da murna, ya kwana biyu yana jiran kakarsa ta fita daga ɗaki su zauna, ba kuwa za ta fita ba. Ran Litinin da sassafe a tashe shi a sa masa kaftani, ya yi kwanaki cikin mota hannu wofi, faifan yana nan cikin durowa. In kuma ta ɗauki na aljihun, to da hannunta ta gaya masa abin da aka hana bakinta faɗa. Tana iya sayen duka biyun, faifan ba wani tsada gare shi ba, amma ta san yaron ba kaya biyu yake roƙo ba. Gaba kura, baya sayaki.

"Maman," ya ce, ya matso har tana jin warin ranar da ke kansa. "Akwai hanyar ƙanƙara a wannan. Zan koya miki. Zan ma riƙa bari kina cinye ni wani lokaci."

"Na ji."

"To ki ce na kwamfuta."

Ta sake duban fankar.

"Ki ce kawai, Maman. Ke ce za ki ce."

Nan take ta ga kanta ta ce. Ta ga ta biya, ta kama hannunsa a gaban duk 'yan Black, sun koma gida, ta tsaya a tsaye gaban Hajiya Tabawa ta ce yaron nan ba inda za shi. Sai ta ga fuskar Mati in uwarsa ta juyo ta dube shi, ta ga Iya a ƙofar gida ana nuna ta da baki, ta ga shingen da aka zaunar da mijinta a rana, da yaron nan ya yi tsawo yana zaune a wurin. Ba ta ma san ko tsohuwar ce ke da gaskiya ba. Ta tsani kanta a wannan tsayuwar kamar yadda ba ta taɓa tsanar kowa ba.

"Sha'ibu," ta ce, "ba shi na aljihun."

Ta jira kuka, ko buga ƙafa, ko irin maganganun da yake yi wa Laila in ta taɓa masa kaya. Da ya yi, da ta samu abin yi, ta daka masa tsawa su fita. Bai yi ba. Ya ajiye faifan a hankali, ya gyara masa zama a kan tebur. Ya ɗauki shuɗin ya juya bayansa, ya buɗe murfin ya dubi batiran, ya mayar. Sannan ya dubi Sha'ibu, ya yi magana da Hausa, yana ɗauko kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsallaka kwata.

"Tonton, pil ɗin nan, ana samu a Madawa?"

Sha'ibu ya yi dariya. "Madawa? Ko a ƙauyenmu ana samu. Sai dai na can ba su da ƙarhi, yini ɗaya sun mutu. Waɗannan nawa, in kana lallaɓawa, biyu su kai ka mako. Hutu za ka ne?"

Ya dubi yaron, ya dubi uwar, dariyar ta tsaya masa a fuska. Shi ma ɗan can ne, ba sai an yi masa bayani ba. Ya ɗauke faifan daga kan tebur ya mayar sama, ya shiga goge akwatin gilashinsa.

Zalihatu ta dafa tebur. Ashe ya sani. Tun yaushe, daga bakin wa, ba ta tambaya ba, bangon gidan haya ba ya riƙe magana. Ashe duk kwanakin nan da take gode wa Allah bai yi tambaya ba, yana ajiye tambayar ne sai sun zo nan, inda kakarsa ba ta nan, ubansa ba ya nan, sai ita kaɗai. Ya kawo ta har gaban tebur ya ce ta zaɓa, ta kuwa zaɓa. Ta so ta durƙusa nan cikin ƙura ta ce masa ba haka ba ne, amma haka ne ɗin.

Awwal yana kallon batiran da ke jere a kwali bayan Sha'ibu. Ya koma Faransanci, muryarsa ƙasa-ƙasa, kamar dai yana tambayar kuɗin woro-woro.

"Biyu mako ɗaya. Maman, guda nawa za mu saya?"

Ta buɗe baki. Ta so ta ce takwas, ko goma sha biyu, ta ce ai kafin su ƙare ka dawo. Ba wanda ya ce mata zai dawo, ko Mati bai tambayi uwarsa ba. Ta tuna Sadi da gemunsa. Ta yi wa yaron nan ƙaryar hoto da ta tela, ba ta da ƙarfin ƙara wata yana kallonta.

"Sha'ibu, sauko masa da kwalin."

"Duka, Tanti?"

"Duka. In kana da wani a ciki, haɗa."

Sha'ibu ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani kwalin da ba a fasa ba, ya ɗora a kan na farko, ya ɗaure su da igiyar leda. Awwal yana kallon kwalayen, leɓensa ya fara motsi, yana lissafi yadda aka koya musu a makaranta. Can sai leɓen ya tsaya, ya cije shi.

Ta biya ba ta nemi ragi ba, Sha'ibu ma bai iya cewa a gaida gida ba. Yaron ya sa injin a aljihun wandonsa, ya rungumi kwalayen a ƙirji, nauyinsu ya ɗan karkata shi baya. Da suka fito bakin titi, inda gbaka ke ta danna hon, karen mota na kiran Abobo da Yopougon, ta miƙa hannu za ta karɓar masa.

"Bar shi, Maman," ya ce. "Gara in saba."

Ta janye hannunta ta gyara mayafi, ta bi bayansa suka nufi inda motocin Williamsville ke tsayawa.